Wa Zai Kai wa Mai Bincike Takardar Kora?

Na san ku. Tun ban ƙarasa maganar ba kun taɓe baki. An ce a Amurka ana ɗaukar wani lauya a ba shi aikin tono laifin shugaban ƙasa, wai kuma shugaban ba shi da damar korarsa yadda ya ga dama, sai Alhaji na kan benci ya gyara zaman hula ya ce, "Kai dai bari, gatana ce. Wanda ya ba ka aiki shi ke karɓe abinsa." Malam mai rediyo a kunne ya ɗora da cewa ai duk duniya gwamnati ɗaya ce, wasu da kwat suke cin amana, wasu da babbar riga. Hajiya kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in akwai ƙasar da yaro zai binciki maigidansa ya kwana da aikinsa, a nuna mata ita a taswira.

Madalla. Ku matso, amma kafin mu fara zan ba ku makami da hannuna, don kada gobe ku ce na ɓoye muku. A 1875 Shugaba Ulysses Grant ya naɗa tsohon sanata John Henderson ya gurfanar da jami'an gwamnati da masu kamfanonin giya da suka haɗa baki suna sace haraji. Da bincike ya doshi Orville Babcock, sakataren shugaban na kansa, kuma Henderson ya yi wa fadar shaguɓe a gaban kotu, sai aka sallame shi a watan Disamba. Grant ya ba da shaida a rubuce don kare yaronsa, aka wanke Babcock a 1876. A 1952 kuma, zamanin Shugaba Truman, an ɗauko Newbold Morris ya binciki cin hanci. Bawan Allah ya shirya takardar tambayoyi kan dukiyar manyan jami'ai, har da ta ministan shari'ar da ya ɗauke shi, J. Howard McGrath. Ministan ya kore shi kimanin wata biyu da fara aiki. Truman ya kori ministan a ranar. Binciken dai ya bi ruwa.

Ga Alhaji can har ya fara murmushi. Riƙe murmushinka, ranka ya daɗe, za mu buƙace shi nan gaba.

Mu zo kan Richard Nixon. A zaɓen 1972 ya lashe jihohi 49 cikin 50, saboda haka kada wani ya ce raunin siyasa ne ya ci shi. Sai dai tun ranar 17 ga Yuni na shekarar an kama wasu mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate, kuma sawunsu yana ta komawa wajen mutanen shugaban. A watan Mayu 1973 Nixon yana neman Majalisar Dattawa ta tabbatar masa da sabon ministan shari'a, Elliot Richardson. Sanatoci suka ce sai da sharaɗi: ka naɗa mai bincike na musamman, ka kuma yi alkawarin ba za ka taɓa shi ba sai in ya tafka wani gagarumin rashin ɗa'a. Richardson ya yi alkawari a bainar jama'a, aka rubuta shi cikin ƙa'idar ma'aikatar, ya ɗauko Archibald Cox, farfesan shari'a a Harvard.

A Yuli wani tsohon ma'aikacin fadar, Alexander Butterfield, ya faɗa wa kwamitin majalisa cewa shugaban yana naɗar duk hirar da ake yi a ofishinsa. Mutum da kansa ya dasa wa kansa mai shaida! Cox ya nemi kaset tara da sammacin kotu. Nixon ya ƙi. Alƙali John Sirica ya ce a kawo, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a kawo. Sai fadar ta fito da wata dabara da har yau take ba ni dariya: a ba Sanata John Stennis na Mississippi kaset ɗin ya saurara, ya tabbatar da taƙaitaccen bayanin da fadar za ta rubuta, Cox kuma ya daina neman wasu. Stennis dattijo ne mai shekara 72, kuma kowa a Washington ya san kunnensa ya yi nauyi. A duk faɗin ƙasar, shi aka zaɓa ya yi aikin saurare.

Ranar Asabar, 20 ga Oktoba 1973, Cox ya tara 'yan jarida ya ce bai yarda ba. Nixon ya ce a kore shi.

To, a nan nake son Alhaji ya sake maimaita karin maganarsa. Wanda ya ba ka aiki shi ke karɓe abinsa, ko? Na yarda ɗari bisa ɗari. Dokar Amurka ma haka ta ce. Matsalar Nixon ita ce ba shi ya ba Cox aiki ba. Ministan shari'a ne ya naɗa shi, don haka sa hannun ministan ake buƙata a takardar kora. Shugaban ƙasa da duk sojojinsa da jiragen yaƙinsa, sai ya nemi wani ya rubuta masa wasiƙa mai layi uku. Ya kira Richardson. Richardson ya ce na yi wa majalisa alkawari, ba zan iya ba, ga takardar ajiye aikina. A lokacin ana tsakiyar yaƙin Larabawa da Isra'ila, Nixon ya roƙe shi ya dubi halin da ake ciki ya jinkirta, bai jinkirta ba. Aka juya kan mataimakinsa, William Ruckelshaus. Shi ma ya ce a kai kasuwa, ya bi maigidansa. Sai aka gangaro kan mutum na uku a ma'aikatar, Robert Bork, lauyan da ke wakiltar gwamnati a Kotun Ƙoli. Shi ya sa hannu. Hujjarsa ita ce in kowa ya ƙi, za a yi ta kora har ma'aikatar ta zama kango. A daren aka tura jami'an FBI suka rufe ofishin Cox. Amurkawa suka laƙaba wa daren suna, kisan kiyashin daren Asabar, ko da yake ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba.

"Ka gani ko!" in ji Hajiya, yanzu ta ɗago. "An kore shi ko ba a kore shi ba?"

An kore shi, Hajiya. Kuma bai koma ba. Ko da Alƙali Gerhard Gesell ya yanke a tsakiyar Nuwamba cewa korar ta saɓa wa doka, tun da ƙa'idar tana nan da ranta lokacin da aka yi kuma ba wanda ya ce Cox ya yi rashin ɗa'a, hukuncin bai mayar da shi kujerarsa ba. In kina so ki kira shi ihu bayan hari, ba zan yi musu ba. Amma ki bar ni in lissafa miki abin da Nixon ya saya da wannan kora, ki gaya mini ko ke za ki yi irin wannan ciniki.

Saƙonnin tangaraho dubun dubata suka yi ta kwarara Washington, aka fara shigar da ƙudurorin tsige shi a Majalisar Wakilai. Ranar Talata, kwana uku kacal, lauyansa ya tsaya gaban Sirica ya ce za a miƙa kaset ɗin da aka kori mutum saboda su. Ranar 1 ga Nuwamba aka sanar da sabon mai bincike, Leon Jaworski, lauya daga Texas, da kariyar da ta fi ta Cox: ba za a cire shi ba sai an tuntuɓi manyan shugabannin majalisa na jam'iyyu biyu an sami amincewarsu. Da aka kawo kaset, aka tarar an goge minti 18 da rabi a ɗaya. Jaworski ya nemi ƙari, magana ta kai Kotun Ƙoli. Lauyoyin Nixon suka kawo hujjar Alhaji sak, sun dai sa mata kwat: wannan rikicin cikin gida ne tsakanin maigida da yaronsa, kotu ba ta da hurumi. Ranar 24 ga Yuli 1974 alƙalai takwas suka haɗu a baki ɗaya, uku daga cikinsu Nixon ne ya naɗa su, suka ce muddin ƙa'idar nan tana nan ba a soke ta ba, tana da ƙarfin doka, kuma gwamnati ɗaure take da ita. Aka saki kaset ɗin 23 ga Yuni 1972, aka ji shugaban da muryarsa yana amincewa a sa CIA ta taka wa FBI birki. Ranar 9 ga Agusta ya bar mulki.

Saboda haka abin da ke rubuce a takarda bai hana korar Cox ba. Abin da ya hana shi ne a yi ta a ɓoye. Kariyar irin ƙyauren langa-langa ce: ɓarawon da ya ƙudura zai ɓalle shi, amma ba zai ɓalle shi unguwa tana barci ba. Dole shugaban ya nemi hannun wani, dole wanin nan ya zaɓa tsakanin kujerarsa da sunansa, kuma duk wanda ya ƙi ya fita, fitarsa labari ne da safe. Wannan ita ce iyakar, kuma in kun raina ta, ku tambayi wanda ya lashe jiha 49.

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren bencin, don na hango ɗan samarin nan da ya gama jami'a bara yana ta gyaɗa kai kamar ni da shi jam'iyyarmu ɗaya. Shi ra'ayinsa a rufe ƙofar gaba ɗaya: a yi doka mai ƙarfi, a ba mai bincike kuɗi da lokaci, a ce ba mahaluƙin da zai taɓa shi. Ɗan'uwa, Amurkawa sun riga ka, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu.

A 1978 Jimmy Carter ya sa hannu a dokar ɗa'ar ma'aikatan gwamnati. A ƙarƙashinta, in zargi ya taso kan shugaba ko manyan muƙarrabansa, ministan shari'a zai nemi wani zaman alƙalai uku su zaɓi mai bincike. Su ke zaɓa, su ke shata masa iyakar aiki. Ministan kaɗai ke iya cire shi, sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma wanda aka cire yana iya garzayawa kotu. Wa aka fara gwada wuƙar a kansa? Hamilton Jordan, shugaban ma'aikatan fadar Carter ɗin da ya sa hannu, bisa zargin ya shaƙi hodar ibilis a wani gidan rawa a New York. Aka yi bincike, ba a sami abin tuhuma ba. Mai dokar barci dai shi ya fara gyangyaɗi.

Mutanen Shugaba Reagan suka ƙalubalanci dokar. Hujjarsu tana da nauyi, kada ku yi mata dariya: tsarin mulki ya damƙa ikon zartarwa a hannun shugaban ƙasa, gurfanar da mai laifi aikin zartarwa ne, to ta yaya za a sami mai gurfanarwa da ba ya ƙarƙashin wanda jama'a suka zaɓa? In ya yi zalunci, wa za a kama a akwatin zaɓe? Tsohuwar rigima ce. A 1926 Kotun Ƙoli ta ce shugaba yana da ikon korar wani shugaban gidan waya na birnin Portland, Frank Myers, ba sai ya nemi izinin Majalisar Dattawa ba. Wanda ya rubuta hukuncin, William Taft, shi kansa tsohon shugaban ƙasa ne, kun ga ba mamaki. A 1935 kuma kotun ta ce Roosevelt ba shi da ikon korar William Humphrey daga hukumar kula da cinikayya don kawai ra'ayinsu ya saɓa. Abin da zai faranta wa Hajiya rai: Myers da Humphrey duka sun rasu kafin a yanke hukunci, magada ne suka ƙarasa shari'ar neman albashi.

A 1988 dai kotun ta tabbatar da dokar mai bincike, a shari'ar Alexia Morrison da Theodore Olson, bakwai da ɗaya. Ɗayan nan shi ne Alƙali Antonin Scalia. Ya ce sau da yawa barazana ga rabon iko takan zo a ɓoye cikin fatar tunkiya, amma wannan kyarkecin a kyarkecinsa ya zo. Ya yi gargaɗin cewa mutum mai aiki ɗaya tak, wanda ake bincike ɗaya tak, da kuɗi ba iyaka, ba mai ce masa ya isa, zai yi ta tono har sai ya sami wani abu. A lokacin 'yan Democrat suka ce ƙorafin wanda ya sha kaye ne.

Sai da abin ya zagayo kansu. Lawrence Walsh ya fara binciken cinikin makamai da Iran a Disamba 1986, rahotonsa bai fito ba sai Janairu 1994. 'Yan Republican suka ƙosa, aka bar dokar ta mutu a 1992. Bill Clinton, da hannunsa, ya sa hannu aka farfaɗo da ita a 1994. Cikin 'yan makonni alƙalan nan uku suka ɗauko Kenneth Starr ya binciki wani cinikin filaye da Clinton da matarsa suka shiga a Arkansas. Daga filaye aka zarce, aka zarce, har aka tsinci kai a ɗakin shugaban da wata matashiyar ma'aikaciya, Monica Lewinsky. Majalisar Wakilai ta tuhume shi a Disamba 1998, Majalisar Dattawa ta sallame shi a Fabrairu 1999. A gefe guda an shafe shekara huɗu ana bin ministan noma Mike Espy kan kyaututtuka irin su tikitin kallon wasa, aka kashe miliyoyin daloli, aka jera masa tuhuma 30, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga dukkansu. Da lokacin sabunta dokar ya zo, Starr da kansa ya je majalisa ya ce kada a sabunta. Ranar 30 ga Yuni 1999 ta mutu, kuma a jam'iyyun biyu ba wanda ya zauna zaman makoki. Ɗan samari, ka ji yadda ake neman gira a rasa ido.

Abin da ya maye gurbinta shi ne ƙa'idar da ma'aikatar shari'a ta rubuta wa kanta a zamanin ministar shari'a Janet Reno. Ministan shari'a ke naɗa mai bincike na musamman. Shi kaɗai ke iya cire shi, da kansa, kuma sai da dalili: rashin ɗa'a, ko sakaci da aiki, ko gazawa, ko cin karon muradi, ko wani dalili mai ƙwari. Dole ya rubuta masa dalilin, dole ya sanar da shugabannin kwamitocin shari'a na majalisa. Malam mai rediyo ya ɗaga yatsa, na ga alama ya gano ramin: ƙa'idar da ma'aikata ta rubuta wa kanta, ai ma'aikata za ta iya gogewa. Haka ne, Malam, Allah ya ƙara basira. Har ma a cikinta an rubuta cewa ba ta ba kowa haƙƙin da zai kai ƙara a kansa ba. A 2018 kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa ya amince da ƙudurin mayar da kariyar doka, 14 da 7, shugaban masu rinjaye Mitch McConnell ya ƙi kawo shi zaure. Kariyar tana nan siririya kamar yadda ka ce.

To amma ji yadda siririyar ta yi. Ranar 9 ga Mayu 2017 Donald Trump ya kori shugaban FBI, James Comey. Wannan kam da hannunsa, don doka ta ba shi. Kwana takwas bayan haka mataimakin ministan shari'a, Rod Rosenstein, ya naɗa Robert Mueller ya binciki katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016. Ka kori mai bincike ɗaya, ka sami wanda ya fi shi wuyar kora. Nixon da yana raye da ya ba shi labari. Bisa ga rahoton Mueller, ranar 17 ga Yuni 2017 Trump ya buga wa lauyan fadar, Don McGahn, waya a gida, ya ce ya kira Rosenstein a cire Mueller saboda cin karon muradi. Cikin dalilan da ake ta ambata har da wata tsohuwar taƙaddama kan kuɗin zama mamba a filin wasan golf na Trump. Ku duba kalanda: ranar Asabar ce, kuma shekara 45 cif da fasa Watergate. McGahn bai buga wayar ba. Ya je ofis ya tattara kayansa, ya shirya ajiye aiki, abokan aiki suka lallashe shi ya zauna. Ya shaida wa masu bincike cewa yana son ya zama irin Bork alƙali, ba Bork na daren Asabar ba. Trump ya musanta cewa ya ba da wannan umarni, wannan ma a rubuta. Mueller dai ya ƙarasa aikinsa ya miƙa rahoto a Maris 2019, kuma rahoton ya ce yawancin yunƙurin shugaban na taɓa binciken bai yi nasara ba ne saboda na kusa da shi sun ƙi aiwatar da abin da ya ce.

Bork ɗin ma, da Reagan ya zaɓe shi zuwa Kotun Ƙoli a 1987, sanatoci suka ƙi shi, 58 da 42. Ra'ayoyinsa na shari'a ne babban dalili, amma an tono masa daren nan a zaman tantancewa. Shekara arba'in da huɗu bayan sa hannun nan, wani lauya yana zaune a gidansa da waya a hannu yana tuna sunan.

Alhaji, ga lokacin murmushinka ya zo, ɗauko shi. Shugaban da ya kasa korar mai bincike yana da wasu ƙofofi. George Bush babba bai kori Walsh ba, sai ya jira jajibirin Kirsimeti na 1992 ya yi wa tsohon ministan tsaro Caspar Weinberger da wasu biyar afuwa, tun ba a fara shari'ar Weinberger ba. Jack Smith, wanda aka naɗa a Nuwamba 2022 ya binciki Trump, shi kuma ta sama da ta ƙasa aka ɓullo masa. Ranar 1 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce shugaba yana da kariya daga tuhuma kan ayyukansa na ofis, kuma hulɗarsa da ma'aikatar shari'a tana cikin waɗanda ba a taɓawa. Mako biyu bayan haka Alƙaliya Aileen Cannon a Florida ta yi watsi da shari'ar takardun sirrin da Smith ya shigar kan Trump, ta ce naɗin Smith ɗin ma bai halatta ba. Trump yana yaƙin neman zaɓe ya ce in ya ci zai kore shi cikin daƙiƙa biyu. Jama'a suka ji, suka zaɓe shi. Smith ya janye tuhume-tuhumen, ya ajiye aiki a Janairu 2025 kafin a rantsar da Trump. A makon farko na sabuwar gwamnatin aka kori manyan sufetoci masu binciken ma'aikatu su 17 a dare ɗaya, ba tare da sanarwar kwana 30 da doka ta ce a ba majalisa ba.

Wannan karon an yi ƙarar, kowa ya ji, sai dai waɗanda ya kamata su fito ba su fito ba. A 1973 'yan jam'iyyar Nixon da yawa sun juya masa baya, har Sanata Barry Goldwater ya je fadar a Agusta 1974 ya gaya masa ƙuri'un da suka rage masa a majalisa ba za su cece shi ba. In majalisa ta yi gum, masu zaɓe suka ce ba ruwansu, shugaban kuma ya koyi darasin zaɓo ministan da ba zai ce a'a ba tun farko, to takardar Reno ba ta da sojan da za ta tura. Na ba ka wannan, Alhaji. Amma ka lura da abin da ka ci: ka fara da cewa iyakar gatana ce, yanzu kana cewa an gano yadda ake tsallake ta. Ba a wahalar tsallake abin da babu shi.

Tun da Malam ya dage duk gwamnati ɗaya ce, bari mu leƙa gida kaɗan, don mu ma mun ari wannan tsari. Dokar ICPC ta 2000, sashe na 52, ta ce in aka zargi shugaban ƙasa ko mataimakinsa ko gwamna ko mataimakinsa da cin hanci, Alƙalin Alƙalan Najeriya zai iya ba wani lauya mai cin gashin kansa, wanda ya shekara 15 yana aiki, izinin bincike ya kai rahoto majalisa. Shekara ɗaya bayan Amurkawa sun binne tasu, muka rubuta tamu. Dokar ta kuma ce ba a cire shugaban ICPC sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Ita kuwa dokar EFCC ta 2004 ta bar wa shugaban ƙasa wuƙa da nama: yana iya cire shugaban hukumar in ya gamsu cewa zaman mutumin ba maslahar hukumar ko ta jama'a ba ne. Gamsuwarsa kawai, ba sai ya nemi hannun kowa ba. Sai ku ƙirga shugabannin EFCC. Nuhu Ribadu, an tura shi karatu Kuru a ƙarshen 2007, makonni kaɗan bayan kama tsohon gwamna James Ibori. Farida Waziri, an sallame ta a 2011. Ibrahim Lamorde a 2015. Ibrahim Magu, wanda Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatarwa har sau biyu, an dakatar da shi a 2020. Abdulrasheed Bawa a 2023. A can ICPC kuwa Mai shari'a Mustapha Akanbi ya cika shekararsa biyar, Mai shari'a Emmanuel Ayoola ya cika tasa. Ƙasa ɗaya, shugabanni iri ɗaya, layi biyu na doka ne kawai suka bambanta.

Na ga Hajiya ta buɗe baki, kuma na san me zai fito: ai ICPC ba ta cizo, wa zai ɓata tawadarsa wajen korar wanda bai dame shi ba? Hajiya, wannan ki kai wa ICPC da kanki, ofishinsu yana Abuja.